Yadda Ake Ceto Rumbun Kwamfuta Ba Tare da Ya Tona Maka Asiri Ba

Ɗan'uwa ma'aikaci, in kana da kwamfuta a ofis, kuma akwai abin da ba ka so a gani a cikinta, to gyara zama. Matakan nan an gwada su a wani ofishin noman rani da ke gefen dam ɗin Tiga a ranin 1996, kuma wanda ya gwada su, Malam Mudi mai kula da kwamfuta, bai rasa aikinsa ba. Na yi maka alkawari kai ma ba za ka rasa naka ba, muddin ka bi su daki-daki ba ka ƙara naka wayon ba.

Mataki na 1: Ka san abin da kake zaune da shi

Ofishin su Mudi aikinsa rabon ruwa. Manoma ɗari huɗu da ɗoriya ne a kan magudana, kowa da ƙofar ruwansa da ranarsa, duk kuwa a kwamfuta guda ɗaya aka tsara su. Wani Injiniya Adamu ne ya shirya ta kafin a yi masa canjin wurin aiki, ya kuma sa mata wata ma'ajiya da 'yan ofis suka raɗa wa suna rumbu. In ka canza ko da rana ɗaya a jadawalin ruwa, sai ka zuba canjin a rumbu kafin firinta ta yarda ta buga. Shi kuma rumbu ba ya yar da tsohon jadawali. Yana ajiye shi, ya ajiye sabon a kansa, ya rubuta sunan wanda ya canza, da kwanan wata, da dalilinsa.

Ka lura da wannan da kyau. Abokin aiki yana mantuwa, maigadi yana jin kunyarka, amma rumbu bai san kunya ba.

Mataki na 2: Ka yi kwafi sau ɗaya, ka yi ta labarinsa

Injiniya Adamu ya bar doka: duk Juma'a a kwafe rumbu gaba ɗaya a kan faifai, irin manyan nan masu laushi. Kada ka yi musu da doka. Ka ce "an gama, ranka ya daɗe," ka yi sau ɗaya kowa na gani, sannan ka huta.

Mudi ya yi nasa a watan Nuwamba. Ya ɗaga faifan sama 'yan ofis suka gani, ya yi musu bayanin da shi ma bai gama ganewa ba. Sai tunani ya zo masa: abu mai daraja haka, a bar shi a durowa tare da ɓera? Ya kai shi wurin Malam Ladan a Kiru domin a tofa masa addu'ar tsari. Malam ya juya abin, ya ce shi bai san kansa ba, amma addu'a ba ta ɓaci, ya yi ya miƙa masa. Da Mudi ya tsaya nan da ba mu da labari. A hanyar dawowa ya biya wurin baduku ya ce a rufe masa shi da jar fata kamar laya, a yi ɗinki mai ƙarfi. Baduku ya yi aiki tsakani da Allah. Mudi ya rataye shi a bayan ƙofar ɗakin kwamfuta, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa ya ce ofishinsu ko gobara ba ya tsoro.

Mataki na 3: In za ka yi son kai, ka yi shi da gajeren dalili

Alhaji Gwadabe surukin Mudi ne, uban matarsa Tasalla, yana da gonar tumatir a ƙofa ta shida. A ƙofa ta bakwai kuma akwai Hamman, makiyayi da ya ajiye iyalinsa wuri ɗaya ya shuka alkama. Hamman yana samun ruwa Talata da Asabar.

Wata rana a Janairu Alhaji ya kira Mudi, suka gaisa, aka tambayi yara. Bai roƙi komai ba. Ya dai ce tumatir na jin jiki bana, ya kuma ce ya ji ana faɗin wai ruwan dam ɗin nan gaba ɗaya a yatsun Mudi yake. Mudi yana durƙushe, kansa a ƙasa, zuciyarsa ta cika fal da daɗi. Washegari Asabar ɗin Hamman ta koma ƙofa ta shida. Da rumbu ya nemi dalili, Mudi ya buga masa kalma biyu: gyara kaɗan.

Kai ma haka za ka yi. Dogon bayani na marasa gaskiya ne.

Mataki na 4: Ka karɓi mai ƙorafi da fara'a

Hamman ya zo sau uku. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce alkamarsa ta fara ja tun ba ta fitar da kai ba. Mudi ya ba shi kujera, ya nuna masa allon kwamfuta, ya ce ai ba mutum ke rabon ba, na'ura ce, ita kuwa ba ta san ɗan wani ba.

"Malam, to na'urar a ina gonarta take?" in ji Hamman.

Mudi ya yi dariya ya raka shi har waje. Abin da bai sani ba, Hamman ya sa an rubuta masa takarda zuwa Kano. Amsa ta zo ranar Litinin: Darakta zai zo da kansa ranar Alhamis, kuma yana so a buɗe masa rumbu ya ga tarihin ƙofa ta bakwai tun daga farko. Mudi ya karanta sau biyu. Shekara tara yana wannan aiki, da shi yake ciyar da mutum bakwai, kuma ya san Darakta ba ya ba da takardar tuhuma sau biyu.

Mataki na 5: Kada ka lalata kwamfuta da hannunka

Wannan aikin jahilai ne. Kai dai ka ari sitabilaizar ofis, na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta, ka kai gida saboda firij, kamar yadda Mudi ya yi tun kafin azumi, sauran kuma ka bar wa janareta. Da la'asar ɗin wannan Litinin janareta ya yi gurnani, ƙwan fitila ya yi haske kamar walda, kwamfuta ta ce ɗif, ƙauri ya tashi.

Mudi ya yi salati da ƙarfi don a ji. A zuci kuwa, Allah ya gafarta masa, murna ya yi. Murnar ba ta kai shi gida ba. A kan babur ya tuna cewa in babu rumbu babu jadawali, in babu jadawali manoma ɗari huɗu za su zo ofis da fartanya, kuma tambayar farko da Darakta zai yi ita ce ina kwafin Juma'a. In rumbu ya dawo duka, kora. In bai dawo ba, kora. Abin da yake bukata shi ne rumbu ya dawo, amma ya tsaya kafin Janairu.

Sai ya tuna da kwafin Nuwamba, har ya kusa faɗuwa da babur don farin ciki.

Mataki na 6: Ka tara shaidu kafin ka farke laya

Ranar Talata mai gyara ya zo daga Kano ya sa wa kwamfuta sabon ciki, babu komai a cikinsa. Mudi ya kira duk 'yan ofis. Ya sauko da jar fata, ya yi bisimilla, ya sa reza ya bi ɗinki a hankali yana yi musu nasiha a kan amfanin tanadi.

Faifai ya fito da huda goma sha shida a jere, gwanin sha'awa. Basillar baduku ta bi ta cikinsa duk zagaye don kada ya yi motsi a cikin fata. Mai gyara ya ɗaga shi ya hango rana ta hudojin, ya tambaya ko wannan matankaɗi ne. Mudi ya ce a gwada dai, ai an yi masa addu'a. Aka zura. Kwamfuta ta yi ƙara kamar ana niƙan tsakuwa, ta yi shiru.

A irin wannan lokaci kada ka yi borin kunya. Ka girgiza kai, ka ce fayafan yanzu ba su da aminci.

Mataki na 7: Ka bi sawun tsofaffin takardu

Duk jadawalin da aka taɓa bugawa ai yana wani wuri. Na ofishin su Mudi yana bakin dam wurin masu suyar kifi, domin tsohon masinja ya daɗe yana kai musu takardun da ya ga an gama da su. Safiyar Laraba Mudi ya bi rumfa-rumfa yana sayen kifin da ba ya sha'awa don ya samu abin da aka naɗe shi. Ya dawo da shafi goma sha ɗaya cikin sittin, mai ya cinye rabin lambobin, rigarsa tana ƙarni. Ya zauna gaban allo ya buga sunan manomi tara, sai ya kifa kansa a tebur. Tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda mutum ke fara tunanin yadda zai faɗa wa matarsa.

Mataki na 8: Ka tuna da wadda ka raina

A kowane ofis akwai ta. A nasu wata ce mai suna Baturiya, mai buga wasiƙu, shekara goma sha huɗu a kan tafireta. Mudi bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke taifis", kuma ya hana ta shiga ɗakin kwamfuta sai ranar Juma'a, in maza sun tafi masallaci, ta goge tebur.

Ta shigo da sallama ta ajiye wani gwangwanin biskit a gabansa. Fayafai ne cike, kowanne da kwanan wata da rubutunta mai kyau. Ashe Injiniya Adamu su biyu ya koya wa kwafi, ita ce dai ta ɗauki maganar da gaske. Kowace Juma'a tana goge tebur, tana kwafe rumbu, ta tafi da shi gida Bebeji.

Mudi ya miƙe tsaye, ya kira ta Hajiya, ya jawo mata kujerarsa. Ya fara lalube yana neman na Disamba. Ta bar shi ya samu. Sannan ta zaro wani ta riƙe a hannunta.

"Malam Mudi, wannan na sha tara ga Janairu ne. Na karanta shi. Gyara kaɗan."

Ya ce Hajiya, a dubi yara. Ta ce yaran take duba, shi ya sa ta zo nan ba ta jira Alhamis ba, amma Hamman ma yana da yara. Ta ce ya zuba na Disamba, Asabar ɗin Hamman za ta koma masa da kanta, sauran canje-canjen gaskiya na Janairu kuma ita za ta shigar da hannunta. Don haka tana bukatar makullin ɗaki. Ya ciro shi daga aljihu ya miƙa mata da hannu biyu.

Mataki na 9: Ka karɓi yabo da tawali'u

Ranar Alhamis Darakta ya ga tarihin ƙofa ta bakwai tsaf, Talata da Asabar, babu hannun kowa. Ya tambaya to me ya hana mutumin nan ruwan Asabar wata guda. Mudi ya ce mai yiwuwa kuskure ne wajen bugawa, tun da na'urar ta daɗe tana ciwo. Darakta ya sa a buɗe wa Hamman ruwa kwana huɗu a jere, a ɗebe daga maƙwabcinsa na ƙofa ta shida da ya sha rabon wani. Sannan ya dafa kafaɗar Mudi a gaban kowa, ya ce a duk ofisoshinsa bai ga mai tanadi irin wannan ba, zai sa a kira shi Kano ya koya wa sauran yadda ake kwafi.

Mudi ya ce ranka ya daɗe, ai aikinmu ne. Baturiya tana can tana buga wasiƙa, ba ta ɗago ba.

Da yamma ya je ya durƙusa gaban Alhaji Gwadabe. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya amsa gaisuwa, ya dubi gefe, ya ce ashe ruwan ba a yatsun Mudi yake ba, a gaida Tasalla. Wannan ta fi mari ciwo, kuma Mudi ya ji ta har ƙashinsa.

Mataki na 10: Ka nemi faifan ƙarshe cikin ladabi

Bayan sati biyu Mudi ya kawo wa Baturiya kwandon tumatir, na kasuwa. Ya yabi aikinta, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, wato Hajiya, wancan faifan na Janairu, tun da an gama da shi, ko za ta ba shi ya ajiye mata, kada ya yi mata nauyi a jaka.

Ta buɗe jaka ta miƙa masa nan take. Ya karɓa, idonsa ya kawo ƙwalla don godiya, ya fara sa mata albarka.

"Riƙe wannan, Malam Mudi," ta ce, tana zura sabuwar takarda a tafireta. "Akwai ɗaya a Bebeji, akwai ɗaya wurin yayata a Doguwa. Abu mai muhimmanci ba a ajiye shi wuri guda."

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a ofishin. Kullum shi ke fara gaishe ta, kuma ko da wasa bai sake matsar da ranar kowa ba.

A kula: Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai taɓa ganin kwamfutarka ba, kuma in aka tambaye shi zai ce shi ko kunna ta bai iya ba. Duk abin da ya biyo baya tsakaninka da baduku, da surukinka, da masu suyar kifi, naka ne kai kaɗai. Alkawarin da aka yi maka na aiki ne kawai. Barcinka kuma yana hannun duk wadda ke goge tebur ranar Juma'a.