Fitilar Mai Girma Ta Kawo Mana Ziyara

Wani dare cikin makon jiya, ina kishingiɗe bayan isha'i, sai na ji wani abu ta bayan bango yana ƙas, ƙas-ƙas, ƙas. Ba ɓera ba ne, na san tafiyar ɓera. Ba gyare ba ne kuma. Ni dai, jama'a, karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya jarabce ni da son ganin ƙwaƙwaf, na taɓa yini guda ina bin tururuwa don in ga inda za su kai fiffiken kyankyaso. Na ce wa tsohuwata, wato uwargidana, "Kin ji? Ko wani baƙon tsuntsu ne ya sauka a garin?"

Ta ce, "Malam, tsuntsun a kanka yake. Ka kwanta."

Da safe na leƙa gidan maƙwabcina mai gyaran wuta, wanda muke kira Filaya. Na tarar da shi da faranti cike da wasu 'yan robobi kamar alewar yara.

"Baba, kwanekta ke nan, abin haɗa waya," in ji shi. "Da can murɗawa muke yi mu naɗe da baƙin salatif, zafi ya zo salatif ya saki, bango ya fara ƙauri. Yanzu mun huta."

Iri biyu ne. Ya ɗauki na farko, mai turawa. Ka fere bakin waya ka tura, shi ke nan ta shiga. Ja duk yadda za ka ja, ba ta fitowa ta daɗi. In ka yi kuskure sai dai ka yanke, wayar ta rage tsawo. Na ce ai na san danginsa, suna nan cike da ofisoshi, tun da aka tura su kan kujera ake ja sun ƙi tashi.

Na biyu mai ɗan hannu ne. Ka ɗaga hannun, ka sa waya, ka mayar, ƙas. In ka sake shawara ka ɗaga, ta fito sumul. Illarsa ɗaya, yana cin farce, ya nuna mini babban yatsansa ya yi baƙi. Na ce wannan kuma alkawarin lokacin zaɓe ne, yadda ya shiga haka yake fita, ko tabo babu.

"To me ya sa kake ƙasƙas da dare?"

Sai ya duba ƙofa, ya rage murya. Wai hannu yake saba wa sauri. Mai Girma Uban Ayyuka, Sarkin Almakashi, zai zo ƙaddamar da fitilar sola a kwanar layinmu, kuma shi ɗan kwangila ya ɗauka ya haɗa ta.

Na fara hamdala, ya ce, "Baba, dakata. Fitilar fa guda ɗaya ce. Ita aka ƙaddamar a bayan kasuwa, ita ce a bakin tasha, ita ce a gaban asibiti. Da motocin sun juya sai in hau tsani, ƙas-ƙas, kan fitila ya koma kwali. Ka ga ƙarafan nan da ke tsaye ko'ina ba kai? Duk aikina ne."

Ni da nake zaton hukuma ce ta tausaya wa tsuntsaye ta kafa musu wurin hutawa!

Kwanar nan kuwa, masu karatu, akwai wata buɗaɗɗiyar kwata a wurin. Da damina tsohuwata ta faɗa ciki cikin duhu, har yau a karkace take tafiya. Jikokinta suna ƙarshen layi, amma da magariba ta yi ba ta ƙara fita. Na ce wa Filaya, don Allah wannan karon ya sa mai turawa.

"Baba, abincina fa!"

Ashe tsohuwar tana bakin ƙofa. Ta ce, "Kai yaron nan, ni na goya ka lokacin da uwarka ke zuwa kasuwa. Bayan nan da ka sha yi wa fitsari, shi ne ya bugu da bakin kwata." Filaya ya sunkuyar da kai, ya zuba masu turawa a aljihu.

Ranar ta zo. Mai Girma ya iso da jerin motoci, kowace cikinta fal da man da muke kwana a layi muna nema. Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne mai tsari: da tsakar rana ya zo kunna fitila. Ita kuwa sola ba ta kamawa sai ta ga duhu, saboda haka aka hau aka rufe mata fuska da bargo don ta ɗauka dare ya yi. Ta kuwa yarda, ta kama. Na ce ikon Allah, ashe har fitila da bargo ake mulkinta. Aka yanke ƙyalle, aka yi hoto, aka ce duhu ya ƙare a layinmu har abada.

Ƙurar motoci ba ta kwanta ba wakilin ɗan kwangila, wani mai tumbi da waya a kowane hannu, ya ce, "Filaya, hau."

Ya hau. Ya ja, ya yi nishi, ya sake ja. "Ranka ya daɗe, ta ƙi."

"Yanke ta!"

"In na yanke, wayar ba za ta ƙara kaiwa ba. Jibi a wata unguwar, a gaban Mai Girma, ko bargo goma aka rufa mata ba za ta kama ba."

Mutumin ya kira wannan, ya kira wancan, ya zagi Filaya har kakanninsa, ya shiga mota ya tafi.

Jama'a, a daren ranar mun ga haske. Telan layinmu ya fito da kekensa waje. Yara suka yi ta tsallake kwata don gadara. Tsohuwata ta yafa mayafi ta tafi wurin jikokinta, ko sandata ba ta ara ba. Ni kuwa na zauna ina kallon wasu ƙwari masu koren fiffike da ban taɓa sanin muna da su a unguwa ba.

Washegari da hantsi sai ga babbar mota da ƙarti masu diga. Tun da kai ya ƙi rabuwa da jiki, sai a tafi da su tare. Suka tone ƙarfen daga gindi, aka sa Filaya ya kama musu ɗauka, sannan aka ce masa kada ya sake nuna fuskarsa. Ku faɗi gaskiya, yaushe rabon da ku ga hukuma ta warware matsala cikin kwana ɗaya?

Muka taru a kwanar, muna kallon abin da aka bar mana: kwata a hagu, sabon rami a dama, zurfinsa ya kai ƙugu. Tsohuwata ta leƙa, ta juya gida. Tela ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban ramin, sannan ya ce, "Wai shi wannan namu ne, ko shi ma za a dawo a ɗauka?"