Rasuwar Ɗan Kausani, Jirgin Lambun Gidan Lawan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma tsoro bai bar ta ta zauna ba, iyalan Malam Lawan na Wudil suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramin jirgin ƙasansu na wasa, Ɗan Kausani, wanda ya faɗa kwamin kifi ranar Talata da hantsi. Suna kuma roƙon a karanta sanarwar har ƙarshe, domin hannun da ya yi ajalinsa shi ne ya ƙera ƙafafun tankin ruwan da ke tsaye a jikin ɗakin mahaifiyarsu, Hajiya Hansai.

Marigayin bai fi tsawon kamu ɗaya ba. Shekara shida ya yi yana zagaya lambun Lukman, babban ɗan gidan, daga gindin lemo ya bi ta bayan zogale, ya haye gadar da ke kan kwami, ya dawo tasharsa. Bai taɓa makara ba, bai taɓa cewa babu mai ba. Duk wanda ya zauna a tsakar gidan nan ya san muryarsa: cuku-cuku-cuku a miƙe, ƙyas-ƙyas a kan gada, sai fiiit guda ɗaya idan ya hango tasha. Abu ɗaya ya nema a rayuwarsa: tsakanin ƙarafan layinsa ya zama milimita arba'in da biyar. Ba arba'in da uku ba. Ba "wajen haka" ba.

Lukman ya san wannan. Shi ne ya taɓa mayar da wani tarago mai kyau saboda an ƙera shi a ma'aunin da ya fi na marigayin girma, yana gogar bakin tasha. Amma da ƙarfen gada ya yi tsatsa, mutumin nan mai digiri a injiniya ya duba bai ga tef ɗinsa na awo ba, ya ji ƙyuyar nema, ya karyo tsinken tsintsiya daidai faɗin layin, ya kai wa Sabo mai walda. Sabo ya gama cin tsirensa, ya sakace haƙori da tsinken, bakin ya ɗan karye, ya auna da abin da ya rage. Da aka ɗora sabon layin, Lukman ya ga kamar ya tsuke. Sabo ya ce, "Haba Injiniya, ai kusan ɗaya ne. Zai saba." Lukman ya ji nauyin dattijo, ya bar layin a haka.

Ƙarfe ba ya sabawa. Marigayin ya iso gada da taragansa, ƙafafunsa suka hau kan layin maimakon su zauna a ciki, ya yi wani ƙiii da ba a taɓa ji daga bakinsa ba, ya kifa. An tsamo shi tsakanin tarwaɗa. An shanya shi, an binne shi a buhun shinkafa kwana biyu don ta tsotse ruwan, bai farfaɗo ba.

Ya rasu ya bar tarago uku, ɗaya ba ƙofa, da tasha ɗaya, da batir biyu, da ɗan mutum-mutumin mai tuta wanda har yanzu hannunsa na sama.

Tun ranar Lukman bai ci abincin kirki ba. Ya nemo tef ɗin, ya bi duk abin da Sabo ya taɓa a gidan yana aunawa, har ya iso ƙarƙashin tanki. Ƙafa uku daidai suke. Ta huɗu, wadda ke jikin bangon Hajiya, ta gaza da yatsa biyu, an cusa mata guntun bulo, bulon kuma ya tsage. Lita dubu biyu ke zaune a kan wannan tsagar. Ya tsaya nan gumi na bin bayansa, ya ji ƙarfen ya yi ƙas. Ya kashe injin ruwa, ya ɓoye wayar injin. Yanzu ko kaza ce ta bi ta wurin sai ya miƙe tsaye.

Ya durƙusa ya roƙi Hajiya ta koma ɗakin gaba. Ta ce shekara uku tankin yana nan bai ci kowa ba, kuma ba za ta bar gadonta saboda abin wasan yara ya sha ruwa ba. Maƙwabta suka ce ai ba komai. Wannan "ba komai" ɗin ce ta ishe mu! Da ita muke auna gini, da ita muke auna magani, da ita muke lodin mota zuwa kasuwar Juma'a, sai abu ya rufta mu taru muna tafa hannu. Milimita biyu ta kashe Ɗan Kausani. Yatsa biyu nawa ne a milimita? Wanda ya ce ba komai, ya zo ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙarƙashin tankin.

Za a sanya marigayin a kwalinsa, a rufe shi a gindin lemo ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Ba za a yi salla ba, ƙarfe ne. Za a yi zaman karɓar gaisuwa a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, can nesa da ɗakin Hajiya.

Iyalan suna roƙon mata musamman, na Utai da na Achika da na cikin gari, su zo da yawa. Hajiya ba ta fita don tsoro, amma ba a taɓa yin baƙuwa a gidanta ta ƙi fitowa tarba ba. A gaishe ta a tsanake. A tambayi ƙafarta, a tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, a tambayi gero. A lokacin ne maza za su juye ruwan su sauke tankin, ana neman majiya ƙarfi takwas da igiya mai kauri. Idan ta yunƙura za ta shiga ɗauko goro, a riƙe mata hannu a ce an ƙoshi. Don Allah kada kowa ya yi sallama ya tafi sai Lukman ya leƙo ya ce an sauke.

Sanarwa daga Khaulat Lawan, ƙanwar mai rashi, a madadin iyali.