Da Sauƙi, Ranka Shi Daɗe

Ranar Talata na fita neman mai, na dawo da ɗan ƙwallo a bayan babur, man kuwa ban samu ba. Gidajen man Bagudo duk sun ɗaure bakin famfo da leda, sai na nufi hanyar iyaka wurin masu kwalba, inda ake sayar mana da man ƙasarmu bayan ya je Benin ya sha iska ya dawo. Ina wucewa ta bayan filin kwaleji na ji ana ƙwala mini kira, "Kawu Namadi! Kawu Namadi!" Na taka birki. Samari biyu, su ma kowanne yana ɗingishi, suka kinkimo Attahiru ɗan maƙwabciyata Rakiya suka aza mini shi a baya kamar buhun shinkafa. Ƙafarsa ta dama ta kumbura har takalmi ya ƙi fita.

Na ce, "Attahiru, mi yas same ka?"

Ya ce, "Ba komi, Kawu."

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi," in ji shi, yana cije leɓe, zufa na tsiyaya daga haɓarsa.

Ba mu yi nisa ba ɗan guntun man da ke tanki ya ƙare. Haka na tura babur da ƙato a kai har gidan Hamma maɗori, ina haki, shi kuma yana ba ni haƙuri.

Ba zan kama sunan kwalejin ba, ina da 'ya'ya masu neman gurbin karatu. Mu dai a unguwa Kwalejin Horar da Masu Jiran Aiki muke ce mata. Tana da ƙungiyar ƙwallo, ƙungiyar kuma tana da fili, filin nan shi ne tushen tsiya. Shekarun baya wani Mai Girma, Uban Harsashi Na Farko, ya zo da jiniya ya aza tubalin ginin filin wasa na zamani. Dunƙulen siminti ne, tsayinsa iya idon sawu, da farantin ƙarfe mai ɗauke da sunansa, aka dasa shi a tsakiyar fili saboda a nan hoto ya fi kyau. Da ya sauka, magajinsa ya ce shi ba zai yi gini a kan harsashin wani ba, ya zo ya aza nasa a gaban raga. Na bayansa ya aza a ɗaya ragar don a yi adalci. Na yanzu, Allah ya ja zamaninsa, ya zaɓi gefen hagu. Filin zamani dai ba a gina ba, amma tubala muna da su har huɗu, kuma babu mai ƙarfin halin tumɓuke dutsen da ke ɗauke da sunan babban mutum. Damina na sauka ciyawa ta lulluɓe su, sai yaro ya sheƙo da gudu ya gaisa da Mai Girma da babban yatsa.

Wanda nake tausaya wa shi ne Malam Ɗanmusa, mai horar da yaran. Bawan Allah ya zo kwalejin nan da baƙin gashi, yau kansa duk furfura. Da 'yan wasansa suka fara karyewa ya rubuta neman magani, aka aiko masa da usur sabo fil. Ya nemi motar asibiti, aka kawo ta da fenti mai ƙyalli, aka yanka kirtani, aka yi hoto, sannan aka wuce da ita gari na gaba don su ma a ƙaddamar musu. Daga nan ya daina roƙo ya koma dabara. Mai tsaron raga da ya karye a hannu ya mayar da shi gaba, tunda can ba a taɓa ƙwallo da hannu. Ɗan gaba da ya gurɗe a ƙafa ya sa shi a raga ya jingina da ƙarfe. Masu ciwo a ƙafar hagu suna buga dama, masu ciwo a dama suna buga hagu, wanda kuma duka biyun suka taɓu an tsayar da shi kusa da tubali yana yi wa 'yan'uwansa kashedi. Atisaye ya koma kan tabarma a gindin dogon yaro, Malam yana zana dabaru a ƙasa da tsinke, yara suna gyaɗa kai, kowa ya aza ledar ruwan sanyi a inda ke masa zogi.

Hamma maɗori ya lalluba ƙafar Attahiru, ya ɗaure ta da kara da tsumma, ya dube ni. Ya ce, "Ƙashi ya tsage. In yaron ga yat taka ta da gudu kahin ta kama, karkace za shi zama da ita har tsuhwa." Da ƙafar nan Attahiru yake shiga fadamarsu ta Kende yana dashen shinkafa, shinkafar da gidan Rakiya ke ci daga kaka zuwa kaka. Babu wani namiji a gidan da zai shiga taɓo in ba shi ba.

To ashe an riga an shirya wasan sada zumunci da wata makaranta ta tsallaken iyaka, kuma Mai Girma da kansa zai halarta. Da labarin karaya ya kai sama, sai aka turo Kwamitin Tantance Lafiyar 'Yan Wasa da Sauran Al'amura. Na je na gani da idona. Sun iso cikin motoci masu baƙin gilashi, suka ci gasasshen kifi, suka kora da fura, sannan suka ce a fito da marasa lafiya. Babu likita ko ɗaya a cikinsu. An jera yara, wasu a tsaye da sanda, wasu a kwance. Shugaban kwamiti, Babban Mai Duba Masu Dubawa, ya gyara babbar riga ya tsaya kan na farko.

"Samari, yaya jiki?"

"Da sauƙi, ranka shi daɗe."

Ya matsa gaba. "Kai hwa, yaya jiki?"

"Da sauƙi, ranka shi daɗe."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har kan Attahiru, wanda aka ɗauko a amalanke. Shi ma ya ce da sauƙi. Shugaba ya juyo ya ɗaga hannu, ya sanar da cewa bincike ya tabbatar da ƙungiya tana da sauƙi ɗari bisa ɗari, kuma daga bakin masu jikin aka ji, ba jita-jita ba. Saboda haka ba a buƙatar magani, sannan duk ɗan wasan da aka tantance ya ƙi shiga fili ya tattara kayansa ya bar kwaleji. Attahiru zango ɗaya ya rage masa ya karɓi takardarsa.

Jama'a, ku taya ni jinjina wa wannan fasaha. Ƙasashen da suka ci gaba suna ɓata dukiya a kan na'urar hoton ƙashi, mu kuwa da gaisuwa muke auna lafiya. Yaushe aka taɓa tambayar ɗan mutunci yaya jiki ya ce babu sauƙi? Kakana yana kan gargara wani ya shigo dubiya, ya ce masa da sauƙi, mai dubiyar bai gama sa takalmi ba aka fara salati. Haka aka rene mu, kuma ban ce mummunar tarbiyya ba ce. Abin da ya ƙona mini rai shi ne su ma 'yan kwamitin haka aka rene su. Sun san amsar tun kafin su baro ofis.

Na shiga gidan Rakiya da la'asar na tarar tana tankaɗe, Attahiru na kwance a inuwa. Na ce mafita ɗaya ce. Ranar wasa Mai Girma zai bi layi yana gaisawa da 'yan wasa, in ya tambayi yaro yaya jiki, ya buɗe baki ya ce babu sauƙi.

Rakiya ta ajiye rariya. "Namadi, ka ji tsoron Allah. Gaban jama'a? Gaban manya? Mi za a ce da ni garin ga? A ce ban koya ma yaro godiyar Allah ba?"

"A ce hakanan, ƙahwa dai ta tsira."

"Dangin ubanshi ko kaciya anka yi musu ba su ko motsa ido. Kai kuma kana so shi tsaya shina kuka da baki."

Ta shige ɗaki tana faɗa. Ni kuwa na zauna na sa yaro a gaba muka shiga gwaji. Na kumbura ciki na zama Mai Girma, na ce, "Samari, yaya jiki?" Ya ce da sauƙi. Na ce a sake. Ya runtse ido, ya tattaro ƙarfinsa, ya ce, "Ba... ba... ba komi." Muka yi ta yi har aka kira magariba, mafi nisan da ya kai shi ne, "Da sauƙi-sauƙi." Na tashi raina a ɓace, na bar shi yana ba ni haƙuri.

Jiya aka yi wasan. An kafa rumfa, an ɗaure igiya, an jona lasifika da janareta, su dai ba su rasa mai ba. Baƙi suka iso daga tsallake cikin riguna iri ɗaya, suna tsalle-tsalle kamar 'yan awaki. Mai horar da su ya ga namu suna fitowa, wani da sanda, wani dafe da kafaɗar wani, ya ja Malam Ɗanmusa gefe ya tambaye shi da yaren Dendi ko mota ce ta kife da su a hanya. Malam ya ce a'a, nan ne gidansu. An kwance wa Attahiru karan ɗori, an tsaga takalmi an cusa ƙafar a ciki. Yana tsaye a ƙarshen layi, fuskarsa ta yi fari fat. Na hango Rakiya can bayan igiya cikin mata, ta ja mayafi har hanci.

Mai Girma ya sauko, wani yana bin sa da abin magana don gari ya ji irin ƙaunar da yake wa matasa. Yaya jiki, da sauƙi. Yaya jiki, da sauƙi. Lasifika tana kai amsar har bakin kasuwa, maroƙi yana kirari. Ya iso kan Attahiru ya dafa kafaɗarsa.

"Zakin hili! Yaya jiki?"

Attahiru ya dube ni, na zare masa ido. Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Da..."

"Babu sauƙi!"

Daga bayan igiya muryar ta fito. Rakiya ce, ta yaye mayafi, ta tsallako igiya takalminta ɗaya a hannu. "Babu sauƙi, ranka shi daɗe! Ƙahwar Attahiru ta karye! Attahiru bai kwana ba, ni ma ban kwana ba!" Shekara da shekaru muna maƙwabtaka ban taɓa jin ta kama sunan ɗan farinta ba, sai jiya, har sau biyu, a lasifika. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Makaɗi ya tsaya da gula a sama. Wata tsohuwa ta saki salati. Mai Girma ya buɗe baki ya rufe, don tun da yake a duniya ba a taɓa ba shi wannan amsa ba, kuma gaisuwar ba ta da ci gaba ta wannan hanya. Da ya rasa abin faɗa sai bakinsa ya ƙarasa abin da ya saba, ya ce, "To madalla, Allah shi ƙara." Shugaban kwamiti ya yi wuf ya karɓe abin magana ya bayyana cewa matar ba ta cikin waɗanda aka tantance, don haka maganarta ba ta cikin rahoto.

Nan take aka yanke hukunci a ƙarƙashin rumfa. Korar yaro daga kwaleji ba za ta yiwu ba, tunda bai ƙi wasa ba, kuma sai an rubuta dalili. Sai aka haramta masa taka filin nan har abada, shi da uwarsa, saboda zubar da mutuncin babban baƙo. Malam Ɗanmusa ya sunkuyar da kai kamar mai baƙin ciki, amma ni da ke kusa na ji yana cewa alhamdu lillahi. Muka ɗauki Attahiru muka mayar wa Hamma ya sake ɗaurewa. An ce wasan ya tashi canjaras, bayan baƙi biyu sun yi karo da Uban Harsashi Na Biyu an fitar da su a kafaɗa.

Yau da safe na leƙa gidan. Hamma ya ce ƙashi zai kama a miƙe, in Allah ya so da ƙafarsa zai shiga fadama. Rakiya kuwa ta ƙi fitowa ko ƙofar gida, mata sai shiga suke suna yi mata jaje kamar an yi rasuwa. Ta leƙo ta labule ta ce mini, "Namadi, ka ja mini abin hwaɗi har jikoki." Na ce ta yi haƙuri. Sai ta turo mini ƙwaryar fura.

Sauran yaran kuwa, waɗanda iyayensu suka san mutunci suka tsaya a bayan igiya, dukkansu suna da sauƙi. Ranar Asabar suna da wani wasan.