Maganin Ɓera

Sunan da ta fara jin masu kawo ɗinki suna kiran kakanta da shi Mai-Tulu ne. Har ta gama firamare tana zaton tukwane ya taɓa sayarwa, ashe cikinsa ake nufi. Yanzu kuwa abin ya wuce wasa. Likita ya ce ba zai yi masa aikin gwiwa ba sai ya rage nauyi, kuma wata biyu ke nan keken ɗinkinsa na lulluɓe da zane, ƙafa ta kasa taka shi. Ita jikar tana aiki a ɗakin bincike, ita ke ciyar da ɓeraye tana auna su.

Da hantsi ta same shi a shago, ya miƙe ƙafa bisa benci.

"Barka da hantsi, angona. Ya gwiwar?"

"Tana gaishe ki. Ina saƙona, uwar ɓeraye?"

Ta ajiye masa ƙunshi a teburin yanka. Ya buɗe, ya ga hoton ƙoƙon kai a jikin kwalin, ya yi wurgi da shi.

"Innalillahi! Gadona za ki ci tun ina numfashi?"

"Me zan gada, almakashi da ƙyallaye? Kai ka aiko in zo da maganin ɓera. Na zaci sun addabi yadin mutane ne."

"Na ɓerayenki na ce! Wanda kuke ba su suna ramewa. Da kunnena na ji kina ba kakarki labari."

"Kunnen da ke tsintar rabin zance? Cewa na yi akwai wani sinadari da hanji ke fitarwa in an ci maiƙo, shi ke taya jiki tsotse kitsen. Muna da ɓerayen da aka haifa babu shi. Abinci iri ɗaya suke ci da 'yan'uwansu, amma wani kitsen sai ya wuce ta bayan gida, ba sa ƙiba kamar sauran."

"Shi ke nan, a cire mini nawa."

"Aljihu ne da za a farke?"

"Shekara hamsin ina rage wa mutane riga, a ce yau an rasa mai rage ni?"

"Kai ɗin yadi nawa ne? Sikelinmu bai fi tafin hannu ba. Ka hau shi sai ya kai mu ƙara."

"Ji marar kunya! Ke da iska ke ɗauka in an kunna fanka? In na sake ki wa zai kwasa?"

"Sake ni yau ka ga layi."

"Layin masu wutsiya."

"Su dai suna gudu a kan ƙafafunsu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, tsoho. Kai ka cinye zomon ka bar wa gwiwa gudun."

Ya buɗe baki zai rama, sai idonsa ya faɗa kan keken. Ya kai hannu ya gyara zanen da ke kansa.

"Wato dai babu ƙwaya."

"Babu, Kaka. Ko a ɓerayen ba mu gama ganewa ba, balle mutum. Kuma ko an ce a gwada, ba da mijina za a fara ba. Abin da likita ya ce shi ne: a rage maiƙo, a taka kaɗan kullum."

"Da wannan ƙafar? Kunkuru ma sai ya yi mini fintinkau."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," ya ƙarasa, ya ƙyalƙyale da dariya har benci na kuka. Ya zare tef ɗin awo daga wuyansa ya rataya mata.

"Ungo, kin ci. Gobe kafin ki tafi wurin masu wutsiya ki biyo ki kama hannuna zuwa ƙarshen layi. Amma duk wanda ya tambaya, ki ce ke kika roƙe ni in raka ki, don samarin unguwa su san kina da miji."