Zabuwa da Masu Lasisi Uku

A wani daji da ke nesa da babban kurmi, gobara ta cinye wa Zabuwa 'ya'yanta tara a yini ɗaya. Tun daga nan ta daina kiwo. Kullum sai ta tsaya bakin tokar tana kiran sunayensu.

Maƙwabcinta Kurege ya kai ta wajen tsoho Kunkuru, wanda ya saba zama da masu baƙin ciki. Kunkuru ya leƙo da kai ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri. Tun da Dila ya cuci zawarawa da sunan ba su shawara, majalisa ta hana kowa sauraren damuwar wani sai mai lasisi. A kurmi ake bayarwa, ni kuwa sai na yi damina uku kafin in isa."

Kurege ya nufi ofishin majalisa, ya tarar da Hawainiya, sakatariya.

"Ranki ya daɗe, Zabuwa tana ƙarewa. Wa ke da lasisi a dajin nan?"

Hawainiya ta buɗe littafi a hankali. "Alhamdulillahi, muna da uku. Shamuwa ƙwararriya ce, amma sai da damina take zuwa. Jemage yana nan, sai dai kwamiti bai gama tantance ko tsuntsaye zai duba ko dabbobi ba. Na ukun Shaho ne. Shi kam kullum yana da sarari."

"Shaho? Zabuwa ce fa!"

"Takardunsa cikakku ne. Kana da ƙorafi a rubuce?"

Kurege ya koma gida ya ɓoye maganar har mako biyu, yana kallon sama ko hadari zai taso. Zabuwa ta rame har tana tangaɗi. Da ta matsa masa, ya faɗa mata gaskiya.

Ta ce, "Kai ni, maƙwabci. Ko wane ne, in dai zai bari in kira sunayen 'ya'yana har na taran bai ce in yi haƙuri ba."

A gindin kuka Shaho ya tarbe su da fara'a, ya ce, "Aikinmu na sirri ne, ɗan rakiya ba ya shiga."

Kurege ya jira har rana ta faɗi. Ya koma gida shi kaɗai.

Washegari ya ruga ofis yana kuka. Hawainiya ta ce doka ta hana a tona sirrin majinyaci, ta rufe littafi.

A taron ƙarshen shekara, majalisa ta karrama Shaho da lambar yabo, don cikin duk waɗanda aka tura masa babu wanda ya sake kukan damuwa.