Tsamiya da Toka a Jikin Motar Baba

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Doha ba, ranar da na tsaya cikin sabuwar shadda ina jiran yabo, alhali na gama tafka ɓarnar da ba ta gyaruwa. Har yau in abin ya faɗo mini, ko ni kaɗai ne a mota, sai in ji kamar in rufe fuska.

A lokacin ina tuƙi a gidan wani dattijo Balarabe a unguwar Nu'aija. Shi ne kafil ɗina, wato da sunansa na shigo ƙasar, amma kowa a gidan Baba yake ce masa, ni ma na bi sahu. Aikina kai jikoki makaranta da ɗauko su, sai kai mata kanti in zauna a mota har ƙafata ta sage. A bayan gidan akwai wani dogon gareji mai na'urar sanyi, inda Baba ya jera tsofaffin motocinsa. Mai kula da su wani tsoho ne mutumin Indiya, ya gaji zai koma gida, aka kuma ce Baba zai zaɓi ɗaya cikin direbobinsa biyu ya gaje shi: ko ni, ko Salim, shi ma ɗan Indiya. Aiki ne a cikin sanyi, babu cunkoson hanya, babu yaro mai zuba maka lemo a wuya. Na ƙwallafa rai a kansa ƙwarai.

Duk motocin garejin suna sheƙi, in ban da guda ɗaya a can ƙurya. Doguwa ce, ƙirar Amurka, ta haura shekara ɗari a duniya. Koren fentinta ya koɗe ya tsattsage, fitilunta na tagulla kuwa sun yi duhu kamar gindin tukunya. Tun ranar da na fara ganinta na yanke hukunci a zuciyata cewa tsohon nan mai kula da su malalaci ne, ya goge masu sauƙi ya bar mai wuya.

Akwai wani bawan Allah da ke zuwa wajen Baba duk Juma'a bayan masallaci, Injiniya Bashir, mutumin Zariya, ma'aikacin kamfanin gas. Son tsofaffin motoci ne ya haɗa su. Da ya gane ni Bahaushe ne, sai ya riƙa jana da hira. Rannan ya kira ni gaban koriyar motar nan.

"Mutumin Gusau, zo ka ga abu. Kamfanin da ya ƙera wannan ba da mota ya fara ba. Kejin tsuntsu suke yi, da akwatin ajiye ƙanƙara. Daga nan suka koma keke, daga keke suka faɗa mota."

"Ai na sani, Injiniya," na ce.

(Ban sani ba. Wallahi ko sunan kamfanin ban iya faɗa ba a lokacin. Amma Baba yana zaune kusa yana kallonmu, ni kuma so nake ya ga mutumin da ya san tsofaffin motoci ciki da waje.)

Injiniya ya ci gaba. Ya ce motocinsu na manya ne zalla, har shugabannin Amurka sun hau su. Ya nuna mini sitiyarin a dama, ya ce sun daɗe a haka bayan wasu sun mayar da nasu hagu. Ya nuna mini ɗakin maigida a baya, da gilashi da labule, da wani bututu da yake magana ta ciki in zai ba da umarni. Direba kuwa yana gaba, gefensa a buɗe, ruwa da sanyi duk nasa ne. Ya ce da tattalin arzikin duniya ya karye, wasu kamfanoni suka koma yin mota mai araha suka tsira, su kuwa suka tsaya a kan mai tsada har aka rufe masana'antar.

"To ita wannan," in ji shi, "abin da ya sa ta fi duk na garejin nan daraja..."

"Ranka ya daɗe, ai duk na san wannan," na tare shi, na duba agogo irin na mai aiki da yawa.

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. "To madalla, tunda ka sani."

Kafin in fita idona ya sauka a kan sandar birkin hannu, wadda ke waje ta gefen dama. Ita ma ta yi duhu, sai dai a wajen kamawa akwai wani ɗan haske mai layi-layi. Na ce a raina, ka ga shaida, wani ya fara gogewa ya gaji ya bari.

Nan fa ya kamata in gaya muku cewa ni gwanin goge tagulla ne. Innata tana da tasoshi na gado, kuma da yake ba ta samu 'ya mace da wuri ba, ni na tashi ina goge su. Tsamiya za ka jiƙa ta yi kauri, ka haɗa da toka mai laushi, ka samu tsumma, ka sa ƙarfi. Duk unguwarmu babu tasar da ta kai ta Inna haske, kuma na girma ina alfahari da haka.

Sai ga dama ta faɗo. Aka ce za a yi baje kolin tsofaffin motoci a gari, kuma ran Juma'a wani Bature daga masu shirya abin zai zo ya duba koriyar motar. Laraba da Alhamis mutanen gidan suka tafi tantinsu na sahara, kamar yadda suke yi da sanyi. Tsohon mai gareji ya fita neman takardun tafiyarsa, ya bar mini mabuɗi don in riƙa duba na'urar sanyi. Duba na'ura kawai aka ce.

Na hau mota har unguwar Al Asmakh na sayo tsamiya a wani shago. Toka kuwa na kwaso ta a kaskon da ake ɗora butar gahawa a majalisar Baba, na tankaɗe ta da kyau. Na tuɓe riga, na yi bisimilla, na fara da fitilar dama. Da na ga ruwan zinariya ya fara leƙowa daga ƙarƙashin duhun nan, daɗi ya kama ni har ina 'yar waƙa. Na bi fitilu, na bi ƙahon da ake yin ham da shi, na bi bakin gidan ruwan injin, na bi duk wani maɗauri. Wuni biyu cur, ba na tashi sai salla.

Ran Alhamis da la'asar Salim ya leƙo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon motar.

"Baba ne ya ce ka yi?" ya tambaye ni da Larabcinmu na direbobi.

"Ni ba na jira sai an sa ni aiki," na ce masa.

Ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka gane e ne ko a'a, ya tafi. Na ce hassada ce ke cinsa. Sandar birkin nan ita na bari ƙarshe, na kuma fi ba ta ƙarfi, har ta zama launi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Na ɗauki hoto na tura wa matata a Gusau, na rubuta mata cewa ta fara addu'a, ƙarin girma na tafe. Sannan na ja mayafin motar na rufe ta.

Ran Juma'a na sa shaddata ta Salla da hula, na fesa turare. Bayan masallaci sai ga su: Baba da sandarsa, Injiniya, Baturen, da wasu dattawa uku abokan Baba. Tsohon mai gareji ya nufi mayafin, na riga shi. Na kama gefe, na ɗan dakata don hankali ya dawo kaina, sannan na yaye shi gaba ɗaya.

Motar ta ɗauki hasken fitilun garejin ta watso mana a ido. Wurin ya yi tsit. Na ɗauka mamaki ne ya hana su magana, kuma ban yi ƙarya ba, mamakin ne. Baturen ya ɗora hannu biyu a ka. Tsohon mai gareji ya jingina da bango.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Injiniya. "Wa ya yi wannan?"

Jama'a, a nan ne mai hankali zai ji ƙanshin matsala. Ni kuwa sai na matsa gaba, na dafa ƙirji.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Tsamiya da toka kawai, ba wani maganin kanti."

Ban tsaya nan ba. Na juya na maimaita wa Baba da gurguwar Larabcina, sannan na nuna wa Baturen da hannu yadda ake murza tsumman (don kada ya koma ƙasarsu bai ƙaru ba).

Injiniya ya kamo hannun rigata ya ja ni gefe. Ya yi ƙasa da murya.

"Ba kai ka ce mini ka sani ba? Wannan motar tun da ta fito daga masana'anta ba a sake mata fenti ba, ba a goge ta ba, ba a canja mata komai ba. Rukunin da za a sa ta ke nan, na motocin da ba a taɓa ba. Mai sheƙi ai ko'ina akwai. Duhun nan da ka kankare shi ne shekarunta."

Gumi ya karyo mini a cikin sanyin nan har shaddar ta manne a bayana.

Baba ya nufi motar. Ya dogara sandarsa ya zagaya ta gefen dama a hankali, ya miƙa hannu ya kama sandar birkin. Ya matsar da yatsunsa sama, ya dawo da su ƙasa, yana laluben wani abu. Sannan ya yi magana, ya ce wa Injiniya ya faɗa mini da harshenmu don in ji da kyau.

Injiniya ya fassara, bai dube ni ba. Ashe Baba yana saurayi direba ne. Ya tuƙa Turawan kamfanin mai shekara da shekaru kafin Allah ya buɗa masa. Da ya je ganin motar nan a ƙasar waje, masu sayarwa suna ta nuna masa ɗakin maigida da labulensa, shi kuwa idonsa na kan sandar birki. Hasken nan mai layi-layi sawun yatsun direban motar ne, wurin da hannunsa ya cinye tagullar saboda yawan kamawa. Saboda shi ya saye ta, kuma duk shigowar da zai yi garejin sai ya ɗora hannunsa a wurin.

"Ya ce an san sunan mai motar, an san sunan masu kamfanin," in ji Injiniya. "Direban kuwa ba wanda ya rubuta sunansa ko'ina. Wannan kaɗai ya bari."

Ni direba, ɗan'uwansa a sana'a, ni na zo da tsamiya na share shi. Kunyar da na ji a lokacin ta wuce ta rasa aiki. Na durƙusa a kan simintin nan da sabuwar shaddata, na ce, "Baba, ka yafe mini."

Baba ya juya ga Baturen ya tambaya ko duhun zai dawo. Baturen ya yi bayani mai tsawo, Injiniya ya taƙaita: zai dawo a hankali, bayan shekaru masu yawa, amma sawun yatsun ya tafi ke nan. Baba ya yi 'yar dariya, ya shafa farin gemunsa, ya ce shi dai ba zai jira ba. Sannan ya dafa kafaɗata.

"Khalas, ya wuce. Tashi, ɗana. Ka sha aiki, ka gaji. Yalla, maza a zuba masa abinci."

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Aka kawo mini shinkafa da naman rago, na zauna a bayan gareji ina kallon farantin har ya huce.

Ba a kai motar baje kolin ba. Salim ya samu garejin, kuma ya cancanta. Ni na koma jigilar yara, na ƙara shekara biyu a gidan, ba wanda ya taɓa tayar mini da maganar, sai matata da ta yi ta tambayar ina ƙarin girman da ta yi wa addu'a. Salim ne ya gaya mini daga baya cewa Baba yana shiga garejin kamar kullum, yana zama kusa da motar, amma ya daina zagayawa ta gefen dama.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ya yi duhu ne yake jiran hannuna ba, kuma tambaya ba ta cin minti ɗaya. Yanzu har na wuce gona da iri. Da na je hutu bara, matata ta same ni a tsakar gida riƙe da tsohuwar tukunyarta da soso a hannu, ina tambayarta ko baƙin nan na jikinta yana da tarihi.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yana da shi, Malam. Tuwon jiya ne. Wanke."