Sifikar Hagu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Ticha Mensa ya zo gidana ba. Ko na so in manta ma ba hali, don abin da zai tuna mini yana nan zaune a falona, an lulluɓe shi da ƙyalle mai furanni.

Bari in fara da cutar da ke damuna. Wasu maza ƙwallo ce ke cinye musu lokaci, wasu kiwon zabi, ni kuwa tsofaffin kayan kiɗa. Irin na da can nake nufi, masu nauyin buhun doya, masu fuskar azurfa da 'yar allura mai rawa idan sauti ya tashi. Shekara tara ina bin masu sayar da kayan gwanjon da muke kira hom-yus a nan Tamale, har sun haddace ƙarar babur ɗina. Ina tsayawa sai ka ji, "Massa," wato maigida, "wani abu ya sauka, naka ne." Da haka na tara garmaho biyu, na'urar kaset uku (ɗaya ce ke aiki, sauran biyun ina ce musu kayan gyara), da sifika biyu na katako da suka kawo mini ƙugu. Matata Memuna ta daɗe da daina tambaya. In ta ga na shigo da kwali, sai dai ta naɗe tabarmar sallarta ta matsa gefe.

Tarawar ma da sauƙi, bakina ne babbar matsalar. Na ɗauki kaina mai kunne, kuma na tabbatar duk unguwarmu ta Lamashegu an sani. Ina da wata kujera a tsakiyar falo, har fenti na ɗiga a siminti daidai ƙafafunta don kada wani ya gusar da ita. Duk baƙon da tsautsayi ya kawo, ko aron tsani ya zo, sai na zaunar da shi, in ce ya rufe ido, in ɗora faifai, in hau bayani. Ga mai ganga nan a hagu, ga mai jita a dama, ga mawaƙin a tsakiya kamar ka miƙa masa hannu. Wannan shi ake kira sitiriyo, nake ce musu, kowace sifika da nata rabon. Abokina Isahaku ya ce saboda wannan kujerar ya koma yi mini sallama daga kan babur.

Abu ɗaya ya rage mini a duniya, amfilifaya ta gaske, wato akwatin da ke ba sifika ƙarfi. Tawa tana aiki, amma ba ta kai a yi taƙama da ita ba. Wadda nake mafarki tana unguwar Gumbihini, a ɗakin Ticha Mensa, wani tsohon malamin makaranta Kirista daga kudu da ya fi shekara arba'in a garin nan. Tasa irin mai ƙwayayen gilashi ce, masu yin ja kamar garwashi idan ta yi zafi. Shekara biyu ina zarya gidansa. In jira ya dawo daga coci, in kai masa koko da ƙosai, har ƙyauren gidansa na taɓa gyarawa. Duk sanda na kawo maganar saye sai ya girgiza kai. Da ita yake jin kiɗa shi da marigayiya matarsa, kullum da yamma.

"Wannan ba kayan kasuwa ba ne," yakan ce da Hausarsa wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Mai kunne ne kawai zai ɗauka shi."

Sai ga shi 'ya'yansa sun matsa ya koma kudu wajensu. Ya kira ni ya ce Asabar zai zo ya ga inda amfilifayar za ta zauna, in gidan ya yi masa, ta zama tawa. Wallahi ko lokacin da iyayen Memuna suka aiko a bincika asalina gabana bai faɗi haka ba.

To a nan dole in koma baya kaɗan in tona wa kaina asiri. Wata biyar kafin nan, na canza wayar da ke haɗa sifikokin da wata mai kaurin ɗan yatsa, wadda mai sayarwa ya rantse daga ɗakin ɗaukar waƙa na ƙasar waje aka ciro ta. Ranar da na ɗaura, ina zaune na lumshe ido, Memuna ta leƙo daga bakin ƙofa da muciya a hannu.

"Baban Rashida, wannan ta wajen taga fa ba ta magana."

Na yi mata irin murmushin da ake yi wa yara. Na ce sabuwar waya ce, sautin ne ya yi laushi, sai kunnen da ya horu ke kama shi. Ta ce to, ta koma ga tuwonta.

Gaskiyar ita ce ni ma bayan kwana biyu na fara jin kiɗan ya karkata dama. Amma ban zargi wayata ba, ina, ta yaya wayar ƙasar waje za ta yi kuskure? Kunnena na hagu na zarga. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don in kunnen ya tafi ban san me ya rage mini da zan yi alfahari da shi ba. Na je kemis can wata unguwa inda ba a san ni ba na sayo maganin ɗigawa. Na gwada man kaɗanya mai ɗumi. Na gwada gashin zabo. Ban gaya wa kowa ba, baƙi kuwa na ci gaba da zaunar da su ina nuna musu mai ganga a hagu, da ka, kamar mai biya hadda. Falon ƙarami ne, sauti na dukan bango ya dawo, su kuma bayin Allah sai su ce eh, sun ji shi.

Asabar ta zo. Saboda ban iya cin nasara a ɓoye ba, na gayyato Isahaku da maƙwabta biyu su zama shaidu. Memuna ta yi tuwon zafi da miyar ayoyo, ta sa sobolo, wato zoɓo, a firiji. Bayan azahar Ticha ya sauka daga yalo-yalo, keken hayarmu mai ƙafa uku, da sandarsa, amfilifayar na naɗe cikin bargo. Ni na ɗauko ta, ina tafiya a hankali kamar na riƙo jariri. Ya ce in ajiye ta a tebur kada in haɗa tukuna, so yake ya fara jin kayana yadda suke. Ya miƙo wani tsohon faifansa na kiɗan hailaif.

Na zaunar da shi a kujerar, na ɗora faifan, bakina kuma ya kama aikinsa. Na yi bayanin katakon sifika, na yi na allurar garmaho, na daɗe a kan wayar. Yana zaune ido rufe, can sai ya ɗaga hannu.

"Mai ganga yana ina?"

"Hagu, Ticha. Can wajen taga. Ka ji yadda yake fitowa tas?"

Har da nuni na yi da yatsa.

Ya miƙe a hankali, ya dogara sanda zuwa wajen taga. Ya ɗora tafin hannu a fuskar sifikar. Ya kara kunne. Sannan tsohon nan mai ciwon gwiwa ya durƙusa, ya zura hannu baya, ya ɗago wayata mai kaurin ɗan yatsa. Bakinta na reto a iska, yanar gizo-gizo ta naɗe shi. Ashe tun ranar farko ban ɗaure notin ba.

"Massa," ya ce, "mai ganga naka ya tafi gida tun da daɗewa."

Sifikar dama ita kaɗai tana ta faman aikin mutum biyu. Isahaku ne ya fara dariya, ya toshe baki da hula kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Allah ya yafe mini, sau uku ina ce maka na ji shi."

Da na yi shiru a nan, da na tsira da ɗan mutunci. Amma sai na ji bakina yana cewa wataƙila ɗazu ne wajen shara tsintsiya ta fizge ta. Matata na tsaye da tiren sobolo, na ɗora mata laifin. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya har yau, ya fi wayar.

Ta ajiye tiren, ba ta ɗaga murya ba.

"Wata biyar ke nan, Baban Rashida. Ranar da ka sa ta na faɗa maka, ka ce kunnena bai horu ba." Ta juya ga tsohon. "Baba Ticha, ita ma ta daman in kiɗa ya yi nauyi tana ɗan zuza kamar zanzaro. Garmahon kuma yana sauri kaɗan, muryar mata na fita siririya."

Ticha ya dube ta ta saman tabarau. Ya je ya taɓa garmahon, ya murɗa wani abu kaɗan, ya gyaɗa kai. Ya karɓi sukurudireba a hannuna ya ɗaure wayar da kansa, ya haɗa amfilifayarsa, muka jira ƙwayayen suka yi ja. Sannan ya nuna kujerar.

"Madam, zauna."

Ta dube ni. A lokacin ne na tuna cewa a shekara tara na zaunar da mai kawo takardar wuta a kujerar nan, na zaunar da mai yankan farce, amma ban taɓa zaunar da matar da ke share ƙarƙashinta kullum ba. Ta goge hannu a zani ta zauna.

Kiɗan ya tashi, kunnena na hagu ya warke nan take, ba magani ba addu'a. Memuna ta rufe ido. Ta ce ga ganga a hagu. Ta ce ga jita. Can ta karkata kai ta ce, "Akwai wani a baya yana buga kwalba da ƙarfe, a hankali."

Na saurara iya ƙarfina, sai a karo na biyu na kama shi. Ticha ya cire tabarau ya goge ido da hankici. Ya ce matarsa ce ta fara nuna masa mai kwalbar nan, kuma tun da ta rasu ba wanda ya sake ambatarsa.

Ya ci tuwonsa har da ƙari. Da zai tafi na raka shi bakin titi, ina jan ƙafa, ina jiran ya ce in ɗauko masa bargonsa da abin da ke ciki. Sai da ya shiga yalo-yalo sannan ya leƙo.

"Amfilifaya na Madam ne. Kai, in ya yarda, ka ji."

Yanzu haka tana falona, a kan teburin da na yi shekara biyu ina tanada mata. Memuna ce ta ɗinka mata ƙyallen. Bayan la'asar takan sa kaset ɗin wa'azinta, ran Asabar kuma faifan da Ticha ya bar mata, ni kuma in nemi izini kamar ɗan haya. Isahaku ya daina kirana da sunana, daga nesa sai ya ɗaga hannu ya tambayi lafiyar mai ganga.

Darasin da na koya bai da tsawo. In abu ya yi shiru, a leƙa bayansa kafin a fara ɗiga wa kai magani. In kuma murya ta fito daga bakin ƙofa da muciya a hannu, a tashi a duba. Kujerar ma Memuna ta gusar da ita taƙi ɗaya daga kan fentina, ta ce nan ne daidai. Na jira ta tafi kasuwa na gwada wuraren biyu, ina fatan in kama ta da kuskure. Da ta dawo ta tarar da ni a durƙushe ina kankare tsohon fentin.